Zaman Saudiyya: halayen da ke zubar mana da mutunci a idon masu ƙasa

Abu_Safwan_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda aka taso da zancen zamanmu a ƙasar nan, igama (katin izinin zama) da kafili (mai ɗaukar nauyin zaman baƙo) da tarhil (korar baƙo zuwa ƙasarsa) kawai ake tattaunawa. Ni kuwa ina ganin abin da ya fi haɗa mutanenmu da masu ƙasa hali ne, takarda na biye. Mutum igamarsa lafiya lau, aikinsa na halal, amma maƙwabta sun kai ƙararsa saboda hayaniya, ko ya tofar da kaki a bakin masallaci, ko ya ɗaga waya yana ɗaukar matan mutane. Mu kanmu ma yadda muke yi wa junanmu babu daɗin ji. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su zayyana wa sababbin zuwa abin da ake ɗauka rashin ladabi a nan, dalla-dalla, da abin da ke biyo bayansa.

Malam_Auwal_Riyad:
Wa alaikumus salam. Abu Safwan, da yawa daga abin da ka lissafa ya wuce maganar ladabi, doka ce a rubuce. A 2019 aka fara aiki da dokar da'a a bainar jama'a, Ma'aikatar Cikin Gida ta fitar da laifuka 19 kowanne da tararsa. Waɗanda suka fi shafar mutanenmu: zubar da shara ko tofar da yawu a hanya riyal 500. Tsallake layi riyal 50. Ƙure kiɗa a unguwar da mutane ke zaune, idan maƙwabci ya kai ƙara, riyal 500. Kunna kiɗa lokacin kiran salla ko salla riyal 1,000. Zama a kujerar tsofaffi da naƙasassu riyal 200. Fita da kayan barci riyal 100. Ɗaukar mutum hoto ko bidiyo ba da izininsa ba riyal 1,000, kuma har da ɗaukar wurin da aka yi haɗarin mota. Kowanne in ka maimaita, ninki biyu ne. Daga baya an ƙara shiga masallaci ko ofishin gwamnati da gajeren wando.

Dan_Fagge77:
Malam Auwal, ba riyal 500,000 ba ne tarar hoto? Haka ake ta yaɗawa.

Malam_Auwal_Riyad:
Dokoki biyu ne ake cakuɗawa. Ka ɗauka kawai, an kama ka, an sa ka goge: wannan ita ce ta riyal 1,000. Amma in ka keta sirrin mutum da kyamarar waya, ko ka watsa don ɓata masa suna, ka faɗa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya, ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun. Baƙo kuma in aka yanke masa irin wannan hukunci, yawanci daga gidan yari sai jirgi. Don haka masu tsayawa a kasuwa suna yin kai tsaye a TikTok, mata na giftawa a bayansu, su sani ba su kaɗai ke cikin hoton ba.

Maman_Ilham_Makka:
Wannan ya fi shafar 'yan'uwana mata masu aikatau. Yarinya tana aiki a gidan Larabawa, ta jingine waya a kicin tana bidiyo, ga falon mutane, ga 'ya'yansu, wani lokaci har uwar gidan ta gifta ba lulluɓi. A wurinsu wannan cin amana ne mai girma, ya fi fasa musu kaya zafi. Matar da ba a taɓa ganin fuskarta a waje ba, a ce ga ta a wayar duniya? Ƙa'idar mai sauƙi ce: cikin gidan aiki ba a ɗaukar komai, ko bango ne. Kiran bidiyo da 'yan gida a yi shi a ɗakin kwana, ƙofa a rufe. Kuma kada a ba wa kowa lambar gidan ko a turo masa taswirar wurin ba da sanin masu gida ba.

Malam_Habibu_Madina:
Bari in koma kan kayan barcin da Malam Auwal ya ambata, don a nan ne mutanen kirki ke faɗawa ba su sani ba. Jallabiyar nan mai gajeren hannu, mai launi ko zane-zane, marar wuya, wadda alhazai ke saye da yawa su kai tsaraba, a wurin ɗan Saudiyya rigar barci ce. A Kano ka sa ta ka je Juma'a ba wanda zai kalle ka. A nan in ka shiga banki ko jawazat (ofishin fasfo da izinin zama) da ita, mai gadi na iya mayar da kai daga bakin ƙofa. Wadda suke fita da ita mai dogon hannu ce, mai wuya da maɓalli, fara a lokacin zafi, mai duhu a lokacin sanyi, a goge. Kaftaninmu da hula da babbar riga kuwa ba su da matsala ko kaɗan, suna ma burge su. Wanda bai da tabbas ya sa kayan gida kawai.

Injiniya_Dammam:
Gaskiya ne. A ƙara da zaman bene, don mafi yawan rigima da maƙwabta daga nan take tashi. Mu mun saba da gida mai tsakar gida, iska na kwashe komai. A nan ɗaki ne a kan ɗaki, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, matattakala ɗaya. In aka soya manja, ko aka jefa daddawa da busasshen kifi a miya, ƙamshin da mu muke so yana hawa har hawa na huɗu ya kwana a labulen mutane. Maganin: a kunna fankar zuƙe hayaƙi tun kafin a ɗora tukunya, a rufe ƙofar kicin, a buɗe tagar da ke kallon waje, kada a buɗe ƙofar gida don a sha iska. Bayan an sauke a sa turaren wuta.

Na biyu bututun wanke-wanke. Sauran tuwo da man miya in aka zuba a ciki, man yana daskarewa, tuwon ya kama shi, bututun ya toshe, ruwan kuma ya ɓullo wa na ƙasa. A kwashe a leda a kai shara. Na uku daka. Turmi a kan tayil a hawa na uku, duk ginin ke amsawa. A yi amfani da injin markaɗe, in ya zama dole a daka, a ninka tsumma mai kauri a ƙarƙashi kuma kada a yi tsakanin azahar da la'asar, lokacin barcinsu ne. Takalma ashirin a bakin ƙofa su ma suna jawo magana, musamman a ginin da aka ware wa masu iyali. Da mai gadi ya ga samari na shiga da fita, sai ya sanar da mai gida.

Lifta kuma: in ta buɗe ka ga mace ita kaɗai, ka ja baya ka jira ta gaba. Ba wanda zai ce maka komai in ka shiga, amma za a ɗauke ka marar ladabi.

Baba_Sharar_Mansur:
Yara, duk na ji ku. Amma kuna magana kamar laifin duk namu ne. Akwai gidajen Hausawa a Makka da suka fi shekara ɗari, kakanninsu a ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan. Daga cikin mutanenmu na Afirka ta Yamma aka samu malamai irin su Shaihu Umar Fallata da ya karantar a Masallacin Annabi, aka samu Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙasar. Tsiren da ake ci a Makka da Jidda daga wurinmu ya zo. Duk da haka yaro ƙarami sai ya kira dattijo "ya takaruni" (sunan da suke kiran 'yan Afirka ta Yamma) da sigar raini, ko a bar ka tsaye a kanti a sallami wanda ya zo bayanka. Wannan ba rashin ladabi ba ne? Ko ladabi a kan baƙo kaɗai ya wajaba?

Abu_Safwan_Jidda:
Allah ya ƙara girma Baba, ba wanda zai musa maka. Wariya tana nan, kuma zalunci ce. Abin da nake nufi shi ne abin da ke hannunmu.

Hajiya_Turai:
Baba ya yi gaskiya, kuma ni ban yarda cewa gyara halinmu zai kawar da raini ba. Wanda ya raina baƙar fata, ko da turare ka yi wanka zai raina ka. Amma akwai yadda ake amsawa. Dokar 2019 ɗin nan ta haɗa da cutar da mutane da magana ko aiki a bainar jama'a, kuma akwai manhajar Kulluna Amn da ake kai ƙara ta ciki. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne ramuwa. An zage ka, ka rama da hannu, shi ke nan magana ta juye, kai ne mai laifi, kai ne kuma mai igamar da za a iya sokewa. A riƙe harshe, a nemi shaida, a duba ko wurin akwai kyamarar tsaro, a kai ƙara. Hatta zagi a WhatsApp hujja ne a kotunsu, a kanka ko a kan wanda ya zage ka.

Malam_Habibu_Madina:
Tunda an zo kan mu'amala, ga abin da ya kamata wanda aka gayyata gidan ɗan ƙasa ya sani. Za a kai ka majalisin maza, yawanci ƙofarsa daban. Ka cire takalmi, ka yi sallama ga kowa, ka fara musafaha daga dama, sai dai in akwai dattijo a ciki ka fara da shi. Kada ka durƙusa. Mu girmamawa ce, su kuwa suna ƙin a rusuna wa mutum, har wani zai kama ka ya ɗaga. Dattijo ana sumbatar kansa ko kafaɗarsa. In ka zauna a ƙasa kada tafin ƙafarka ya kalli kowa.

Ana kiran mutum da alkunyar babban ɗansa, Abu wane. Ba a tambayar matarsa. "Ina uwargida?" da muke yi don nuna kulawa, a nan nauyi gare ta. Ka ce yaya iyali, yaya yara, ya wadatar.

Gahawa kuma tana da tsarinta. Za a zuba maka kaɗan, kamar sulusin finjali. Ba rowa ba ce, cika finjali a wurinsu kamar a ce sha ka tashi ne. Ka karɓa da dama, ka haɗa da dabino. Muddin kana miƙa finjalin haka kawai, za a yi ta ƙara maka. In ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza shi kafin ka miƙa. Ɗaya zuwa uku ya isa. Abincin dare bayan isha'i ne, wani lokaci can dare, don haka kada a zo da yunwa ana duba agogo. Shinkafa a babban faranti, kowa ya ci gabansa, da dama. In aka zagayo da turaren wuta bayan abinci, sallama ce. Suna da karin magana a kai, cewa bayan turaren udu babu sauran zama.

Dan_Fagge77:
Allah ya gafarta Malam, amma ai su da kansu da hagu suke riƙe butar gahawar.

Malam_Habibu_Madina:
Haka tsarin yake. Buta a hagu, finjali a dama, domin abin da zai isa hannun baƙo ya fito daga dama. In kai aka ba ka aikin zubawa, haka za ka yi, kuma a tsaye.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni abin da nike son a taɓo shi ne tsakaninmu, don Abu Safwan ya faɗe shi kuma kowa ya tsallake. Tambayar mutum "da igama kake?" cikin taro, ko cikin mota gaban direban da ba ka sani ba, mugun abu ne. Haka tambayar albashi, da sunan kafili, da nawa ka biya aka kawo ka. Wanda ya daɗe ya riƙa yi ma sabon zuwa dariya don bai iya Larabci ba, maimakon ya nuna mishi inda ake yin layin waya da inda ake aika kuɗi ta hanyar da doka ta yarda. Sannan rabuwar nan ta wannan ɗan Nijar ne, wannan ɗan Najeriya ne, wannan haifaffen nan ne. Askari in ya zo kame ba ya tambayar wannan. Mafi muni, mutum biyu su yi faɗa kan bashi ko kan mace, ɗaya ya je ya tsegunta ma hukuma inda ɗayan ke kwana.

Maman_Ilham_Makka:
Malam Issoufou ka taɓo inda ke ciwo. A ƙara da baƙin gida. Mutum ya zo Umra, bai sanar ba, sai kira daga filin jirgi wai a zo a ɗauke shi, zai sauka gidanka da mutum huɗu. Ɗaki biyu ne, haya da tsada, kuma mai aiki a kamfani yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa. Ba a iya cewa a'a saboda kunya. Ladabin shi ne a sanar tun kafin a yanki tikiti, a faɗi kwana nawa, a sauka a masauki a zo gaisuwa. In bizar baƙo ta ƙare ya ƙi tafiya, mai gidan ne a cikin ruwa, don ba da mafaka ga wanda ya karya dokar zama laifi ne mai tara da ɗauri.

Nas_Zainab_Taif:
Da saƙo. "Don Allah ga ɗan ƙulli ki kai wa yayata." Kada kowa ya karɓi abin da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko daga wa ya fito. Safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan hukuncinta na kaiwa ga kisa, kuma magunguna irin su tramadol ba a shigowa da su sai da takardar likita. Goro ma hukumar alhazan Najeriya ta sha gargaɗi a kansa. Wanda ya ba ka saƙo a ɗaure, ya kuma ji haushi don ka ce za ka buɗe, shi ne marar ladabin.

A asibiti kuma abin da ke ba ma'aikata haushi da mutanenmu: a zo dubiya mutum goma lokaci ɗaya, a shigo da abinci a kwano ga majiyyacin da aka hana ci kafin tiyata, a amsa waya da ƙarfi a ɗakin da ke da gado huɗu. Biyu-biyu ake shiga, a lokacin ziyara, a tambayi nas kafin a ba shi ko ruwa. Kuma amfani da katin inshorar wani ko igamarsa don ganin likita haɗari ne na gaske, saboda rukunin jini da tarihin ciwon mai katin ne ke cikin kwamfuta.

Direban_Haramain:
A hanya kuma: hon ba gaisuwa ba ce a nan. Tsaki da "ssss" don kiran mutum, ko kaɗa masa yatsu, suna jinsa kamar an kira dabba. Ka ce "lau samaht" (don Allah) ko "ya akhi" (ɗan'uwana). In Balarabe ya haɗe yatsunsa biyar ya ɗaga sama yana kaɗawa a hankali, cewa yake dakata kaɗan, ba zagi ba ne. In ya buɗe maka tafin hannu ma ba daƙuwa ya yi maka ba, godiya ce ko neman hanya. An sha yin faɗa a kan wannan a banza. Kada a ajiye mota a ƙofar garejin mutum ko da minti biyar ne. Waya a hannu kana tuƙi riyal 500 zuwa 900, tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000, kuma kyamarar Sahir mai kama laifin tuƙi ba ta karɓar haƙuri.

Ummu_Khalil:
Ba a yi maganar Harami ba. Shimfiɗa darduma a kama wa ƙawa wuri tun la'asar, tsallake wuyan mutane bayan an tada salla, tsayawa cak a tsakiyar ɗawafi don ɗaukar hoto, wanke ƙafa da ruwan Zamzam a bakin tulunan sha har wurin ya jiƙe tsofaffi su zame. Shiga Rauda a Masallacin Annabi yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, kowa da lokacinsa, turereniya ba ta da amfani. Sai muhawarar Izala da ɗariƙa ko siyasar gida da murya sama a farfajiya. Ɗaga tuta ko hoton ɗan takara a wurin kai tsaye ofishin askarawa yake kai mutum.

Malam_Auwal_Riyad:
Ummu Khalil ta tuna min abu biyu. Bara: dokar 2021 ta sa ɗauri har wata 6 ko tara har riyal 50,000, mai shirya mabarata kuma har shekara ɗaya ko riyal 100,000, baƙo kuma a kore shi. Na biyu tara kuɗin taimako. Mu mun saba in wani ya rasu ko yana asibiti a zagaya da lambar asusu. A nan tara gudummawa ba da lasisi ba laifi ne, kuma kuɗi masu yawa daga mutane daban-daban suna shiga asusun mai ƙaramin albashi, banki zai tambaya. Wa'azi a masallaci ba izini shi ma haka.

Hajiya_Turai:
To Malam, in ɗan'uwa ya rasu ya bar marayu fa, mu zuba ido? Wannan taimakon shi ne abin da ya rage mana na gida. Ni ba zan kira shi rashin ladabi ba.

Malam_Auwal_Riyad:
Ban kira shi haka ba Hajiya. Na faɗi yadda hukuma ke kallonsa ne. Kowa ya miƙa wa iyalan da hannunsa, ko a tura wa dangi a gida kai tsaye, ya fi a tara a asusun mutum ɗaya a yi ta yaɗa lambar.

Baba_Sharar_Mansur:
Bara kam ta ɓata mana suna, ban musa ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Amma ku tuna da yawa daga matan nan wasu ne suka kawo su, suka karɓe fasfonsu, suke karɓar kuɗin da yamma. A fara da waɗancan. Kuma tun da aka rushe unguwanni irin su Karantina da Sabil a Jidda, mutanen da suka saba zaman lungu ɗaya sun watse cikin benaye, ba wanda ya koya musu duk wannan da Injiniya ke faɗa. Da akwai dattawan unguwa masu tsawatarwa. Yanzu wa zai yi?

Abu_Safwan_Jidda:
Tambayar Baba ita ce ainihin abin da ya sa na buɗe zancen. Har yanzu ina nan kan cewa hali na jawo mana fiye da takarda, duk da Hajiya Turai ba ta yarda ba. Injiniya, saura maganar taron suna da na biki. Mutane na tambaya ko ana iya yi a gida in an sanar da maƙwabta.

Injiniya_Dammam:
Walimar mutum goma zuwa sha biyar bayan magariba, ba lasifika, ana iya yi a gida, kuma a aika wa maƙwabta na sama da na ƙasa kwanon abinci tun da wuri. Abin da ya wuce haka a kama istiraha, wato gidan taro na haya, a bayan gari. Akwai ɓangaren maza da na mata, da fili, da wurin ajiye motoci. A tambayi mai wurin ƙarfe nawa ake kashe sauti, a rubuta cikin yarjejeniya, a kashe kiɗa in an kira salla. Rago a kai mayanka ta baladiyya, wato hukumar gari, yanka a bakin gini ko a banɗaki tara ce, jinin kuma yana toshe magudana. A ɓangaren mata a sa mutum ɗaya a ƙofa ta hana ɗaukar bidiyo, musamman in an gayyato Larabawa maƙwabta.

Issoufou_Damagaram:
Kuma wanda ya kama istirahar da igamarshi ya san shi za a nema in wani abu ya faru, don haka shi ke da ikon cewa wa zai shiga. Malam Auwal, in cikin baƙin akwai wanda takardarshi ta mutu, aka zo bincike, laifin na kan mai taron ko na kan mai wurin?